Bangon Da Baba Ya Lanƙwasa

Litinin, 3 ga Satumba, 2012. Ƙarfe 7:10 na safe.

Asirina ya tonu jiya.

Takardar ta iso tun Juma'a, amma sai jiya Yaya Umar Farouk ya buɗe ta a kan teburin cin abinci, Mama na zaune gefe tana jan carbi. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa a fili yana jan kowace kalma. Kwamitin Adana Gine-ginen Tarihi ya karɓi buƙatar a sa gidan marigayi Akitek Manniru da ke Utako cikin gidajen da doka ta hana rushewa. Ba saye ba sayarwa sai sun zo sun duba ranar 26 ga wata. Sunan mai neman: Nazeefa Manniru. Ni ke nan.

Wata uku da na kai fom ɗin ban gaya wa kowa ba. Na san Yaya ya samo mai saye, wani da zai baje gidan ya kafa filazar shaguna mai hawa biyar kamar waɗanda suka kewaye mu. Abin da ban sani ba shi ne Juma'ar nan mai zuwa suka tsayar za a sa hannu. Wallahi ban sani ba.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya naɗe takardar, ya ce ashe da munafuka yake cin tuwo. Sai ya ƙara wata magana game da dalilin da ya dawo da ni gidan nan da akwatunana. Ba zan rubuta ta ba.

Na kalli Mama. Carbinta kawai take ja.

Talata, 4 ga Satumba. Ƙarfe 1:30 na rana, a ofis.

Fayil huɗu a gabana tun safe, ko ɗaya ban buɗe ba.

Alhamis, 6 ga Satumba. Ƙarfe 5:45 na yamma.

Madam Angelina ta kwamitin ta zo leƙen farko. Akitek ce ita ma, mai zanen gini kamar Baba, gajeriya mai furfura, da takalmin roba saboda ruwan sama. Na zaci za ta yatsine fuska kamar kowa, don tun ina firamare ake kiran gidanmu gidan da ba a gama ba. Kankare ne tsirara, ba filasta ba fenti, har sawun katakon da aka zuba shi a ciki ana gani. Rufin a shimfiɗe ba kwano, tagogi dogaye daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga bulo mai huji-huji ta gabas inda iska ke shigowa. Dangin Mama in sun zo daga Kano sai su ja ta gefe su tambaya ko Alhaji ya shiga matsi ne.

Ita kuwa matar nan shafa bango take yi da tafin hannu tana girgiza kai. Ta ce a duk Abuja irinsa da suka rage ba su kai biyar ba, kuma na 1984 babu sai shi. Idona ya ciko, na juya kamar ina duba waya.

Da muka fita tsakar gida ta baya sai ta tsaya cak. Gidanmu komai nasa a miƙe yake, Baba mutumin rula ne, ko hoto ya karkace a bango ba ya iya cin abinci. Amma bangon baya, wanda tagar ɗakina ke kallo, yana tafiya a miƙe sai ya lanƙwasa ya yi rabin da'ira, sannan ya koma kan layinsa. Madam Angelina ta ce wannan lanƙwasar ita ce ran gidan, ita za ta sa kwamiti su amince. Ta tambaye ni me ya sa ya yi ta. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ce. Shekara ashirin da bakwai ina kallonta ban taɓa tambaya ba.

Abu biyu suke so kafin ranar 26: ainihin zanen da gwamnati ta amince da shi, da sa hannun matar marigayin, tunda ita ke zaune a gidan. Ta kuma ce a ɗan gyara tsakar gidan, don ciyawa ta kai gwiwa.

Na gaya wa Mama maganar sa hannun. Ta ce, "Ki bar ni da yayanki, Nazeefa. Shi ne babba."

Asabar, 8 ga Satumba. Ƙarfe 4:00 na yamma.

An yi aikin tsakar gida. Leburori biyu na ɗauko daga bakin kasuwa, suka nome ciyawa, suka kwashe tarkace, muka zuba tsakuwa fara. Ya yi kyau ƙwarai, kamar a mujalla.

Akwai wata tsohuwar tukunya a kife a cikin lanƙwasar, da 'yan duwatsu kewaye da ita. Tun tasowata nake ganinta. Ta yi gansakuka, sauro ne kawai ke kwana a ciki. Ɗaya daga cikin leburorin ya tsaya yana kallona, ya ce Hajiya a taɓa wannan kuwa? Na ce mene ne a ciki, zinariya? Motar shara ta zo ƙarfe biyu, aka jefa tukunyar ciki ta fashe.

Mama ta leƙo ta tagar kicin lokacin. Ta saki labule.

Lahadi, 9 ga Satumba. Ƙarfe 11:20 na safe.

Yaya ya zo gaida Mama, ya wuce ni a baranda kamar kujera. Na ce ina kwana, ya amsa wa wayarsa.

Talata, 11 ga Satumba. Bayan la'asar.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na samo zanen. Yana cikin dogon bututun kwano a saman kabad ɗin Baba, ga hatimi, ga sa hannun hukuma, ga kwanan wata. Na shimfiɗa a ƙasa na danne kusurwoyin da littattafai, ina murna har da 'yar waƙa. Sai na bi bangon baya da yatsa.

A miƙe yake. Daga farko har ƙarshe a miƙe, babu lanƙwasa ko ta ƙwayar shinkafa.

Na juya takardar, na duba sauran shafuka bakwai, na sake dubawa. Babu. Ma'ana abin da Madam Angelina ta kira ran gidan ba ya cikin zanen da aka amince da shi. A garin nan kowa ya san abin da ake yi wa ginin da ya saɓa wa zane, mun ga jan fenti a bangon maƙwabta, mun ga katafila ta zo da safe mutane na shan shayi. Kuma a cikin masu zuwa ranar 26 har da mutumin ofishin kula da tsarin gini.

Wato ni da hannuna na gayyato mai jan fenti gidan ubana. Yaya ko kobo bai kashe ba, na yi masa aikin.

Kuma Baba? Baban da ya taɓa sa aka fasa matakala sukutum saboda ta zarce da inci ɗaya? Kaina ya ɗaure tamau.

Laraba, 12 ga Satumba. Ƙarfe 6:50 na safe.

A miƙe yake. Na sake dubawa da na idar da sallah, wai ko idona ne.

Alhamis, 13 ga Satumba. Ƙarfe 7:15 na yamma.

Alƙaluman zanen Baba suna nan a aljihun tebur, da rezar da yake kankare kuskure da ita. Na iya, shi ya koya min ina 'yar shekara goma. Minti ashirin ya isa a goge layi a zana wani.

Na ɗauki rezar. Na daɗe riƙe da ita har aka kira magariba. Na mayar.

Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 15 ga Satumba. Ƙarfe 12:40 na rana.

Baba Yamusa ya zo da doya.

Tsohon leburan Baba ne tun lokacin ginin gidan, Bagware, ko da yake 'yarsa Alice ta taɓa gyara min ta ce Gbagyi ake cewa. Yanzu a Masaka yake zaune. Duk shekara in sabuwar doya ta fito sai ya kawo guda biyar, ya shiga ta ƙaramar ƙofar baya da mabuɗin da Baba ya ba shi, ya zauna a tsakar gida ya huta kamar awa guda, ya sha ruwa ya tafi. Muna yara muna ce masa Baba Doya. Ko bayan rasuwar Baba shekara biyu da suka wuce bai fasa ba.

Ina ɗakina na ji ƙarar ƙofar. Na leƙa ta taga don in yi masa sannu da zuwa, in kuma ji ya yaba tsakuwata.

Ya sauke doyar daga kafaɗa. Ya tsaya. Yana kallon cikin lanƙwasar bai motsa ba, hularsa a hannu, ban ma ga lokacin da ya cire ta ba. Sai ya durƙusa ya fara tone tsakuwar da yatsu, a hankali, kamar mai neman allura. Tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu. Na ce Baba Yamusa lafiya? Ya ɗago ya kalle ni ta tagar, kuma wallahi ban taɓa ganin fuska irin wannan ba.

Bai sha ruwa ba. Ya ajiye mabuɗin a kan doyar ya fita.

Tukunya ce fa kawai.

Lahadi, 16 ga Satumba. Ƙarfe 3:00 na rana.

Doyar na nan inda ya bar ta, ruwa ya dake ta. Mama ta hana a ɗauka, ta kuma hana a tambaye ta dalili. Mabuɗin yana cikin jakata.

Tukunya ce kawai, tsohuwa, mai gansakuka.

Talata, 18 ga Satumba. Ƙarfe 10:05 na safe, a ofis.

Alice ta kira. Nas ce a wani asibiti a Nyanya, sa'ata ce, muna gaisawa sama-sama. Ta ce babanta kwana uku bai ci abin kirki ba, ba ya magana, ya ce kawai an share. Ta tambaye ni me aka share. Na ce ciyawa.

Sai ta ce in ina da hali in zo Masaka da kaina, don maganar ba ta waya ba ce.

Alhamis, 20 ga Satumba. Ƙarfe 6:30 na yamma.

Na dawo daga Masaka. In ban rubuta ba ƙirjina zai fashe.

Awa biyu na yi a gosulon Nyanya, 'yan acaɓa na gogar madubina, ina ta shirya yadda zan ba da haƙuri. Har na tsaya na sayi sabuwar tukunyar silba mai murfi a bakin hanya. Allah Ya rufa min asiri na bar ta a but ɗin mota.

Ɗaki biyu ne a bayan kasuwar Masaka, Baba Yamusa ya fito da kujerar roba ya ba ni, shi ya zauna a kan turmi. Muka gaisa, ya tambayi Madam, wato Mama, ya tambayi aiki. Na fara jawabina, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Nazifa, wannan wuri da kuke kwana, gidanmu ne kafin gwamnati ya zo. Uwana yana nan ƙarƙashi. Wajen tukunya."

Na ce na'am? Alhali na ji sarai.

Alice ce ta riƙa cike min inda Hausarsa ta tsaya. Inda gidanmu yake, nan gidan kakanninsu yake, da rumbuna da gonar doya har bakin inda tasha take yanzu. Mahaifiyarsa ta rasu shekara biyu kafin masu awo su zo su kafa turaku, aka binne ta a bayan ɗakinta yadda gidansu ke yi. Da aka tashe su, kowa ya tafi, shi ya dawo ya nemi aikin lebura a fulotin, don kawai ya ga abin da za a yi da wurin. Ranar da aka ja igiyar harsashin ginin sai ta bi ta kan kabarin daidai. Ya ajiye diga ya zauna a wurin. Fomen, shugaban leburori, ya zage shi, ya kore shi, ya ƙi tashi. Haka Baba ya zo a motarsa fijo ya same su.

Wai Baba ya tambaye shi sau ɗaya, ya ba shi amsa sau ɗaya. Sai Baba ya cire turken da hannunsa, ya kama igiyar ya zagaya da ita ta bayan Yamusa yana zaune, taku bakwai, ya sake kafawa. Ya ce wa fomen a haƙa nan. Fomen ya ce oga ba haka yake a takarda ba, Baba ya ce shi ya rubuta takardar. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa Yamusa: kada Madam ta sani har abada, don in ta ji akwai kabari a gidan, kuma na wadda ba Musulma ba, ba za ta kwana a ciki ba ko dare ɗaya.

Doyar ashe ba tamu ba ce. Zuwa yake ya nuna wa uwarsa ta bana, ya ba ta labarin shekara, wa ya haihu, wa ya mutu. Alice ta ce a coci an yi masa faɗa ya fi a ƙirga, ya ce shi ba bauta yake ba, hira yake.

Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, na ce na fasa masa tukunyar mahaifiyarsa. Ya girgiza kai. Ya ce ta uwarsa ta fashe tun da daɗewa, ya zo wata shekara ya tarar da wata a kife a wurin, irin ta mutanensu, an jera duwatsun yadda suke. Bayan shekaru ita ma ta tafi, aka sake sa wata. Bai taɓa tambaya ba, ya san oga ne.

Ya ce, "Tukunya yana fashewa, ana sa wani. Amma wannan karo an share. Sai na ce to, oga ya mutu, magana ya ƙare."

Na miƙa masa mabuɗin. Bai karɓa ba.

Tagar ɗakina. Shekara ashirin da bakwai. A kan wurin nan na yi 'yar carafke, a kan wurin nan na shanya kayan makaranta.

Juma'a, 21 ga Satumba. Ƙarfe 7:00 na safe.

Ban buɗe labulen ba yau. Ba tsoro ba ne. Kunya ce.

Asabar, 22 ga Satumba. Ƙarfe 2:20 na rana.

Na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru ranar Laraba, bango ya saɓa wa zane, ba dalili, kwamiti su janye, Yaya ya sayar, katafila ta bi ta kan tsohuwar nan a haƙa wurin ajiye motoci. In na faɗa, na karya alƙawarin da Baba ya riƙe har kabarinsa, a gaban baƙi, kuma Mama da hawan jininta ta ji cewa mijinta ya kwantar da ita shekara ashirin da bakwai kusa da abin da ya san ba za ta yarda ba. Sannan in ce ta sa hannu?

Na kira Alice na tambaya ko babanta zai zo ya yi bayani da bakinsa. Ta ce ya ce shi ya yi wa oga alƙawari, kuma uwarsa ba abin kallo ba ce.

Wani abu ɗaya ke ta yi min yawo a kai. Baba bai taɓa shiga kasuwa ba a rayuwarsa, ko lemo bai san inda ake sayarwa ba. Ina ya samo tukunyar Gwari har sau biyu? Wataƙila direba ya aika. Oho.

Litinin, 24 ga Satumba. Ƙarfe 5:10 na yamma.

Na shirya ƙarya. Zan ce Baba ya taɓa gaya min ya lanƙwasa bangon ne don iska ta riƙa juyawa ta shiga ɗakuna. Na maimaita a mota har ta zauna a bakina. Allah Ka yafe min.

Yaya ya turo saƙo, na farko cikin sati uku: zai zo ranar Laraba da lauyansa. Ko sallama babu.

Laraba, 26 ga Satumba. Ƙarfe 4:45 na yamma.

Ban san ta inda zan fara ba. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Su biyar suka zo ƙarfe goma. Madam Angelina, da wasu uku masu manyan fayiloli, da Oga Leonard na ofishin tsarin gini, dogo mai tumbi, direbansa na biye da gwangwanin fenti a leda. Wai a mota yake zama kullum, ba don mu ba ne. Yaya da lauyansa suka tsaya a inuwar baranda. Mama na kicin, na ce mata ba sai ta fito ba.

Komai ya tafi lafiya har muka fita baya. Na shimfiɗa zanen a kan tebur. Oga Leonard ya kalli takarda, ya kalli bango, ya sake kallon takarda, ya yi wani murmushi. Ya ce wannan ai ba gidan tarihi ba ne, gidan laifi ne. Lauyan Yaya ya fara rubutu da sauri. Madam Angelina ta juyo gare ni fuskarta duk ta faɗa, ta ce ko akwai wani bayani?

Na buɗe baki. Na ce iska. Kalma ɗaya ke nan da ta fita, sauran suka maƙale. Oga Leonard ya taka cikin lanƙwasar yana auna ta da ƙafa, takalminsa na ƙara a kan tsakuwata.

"Malam, sauka daga nan. A kan mutum kake tsaye."

Mama ce. Tana bakin ƙofar kicin da hijabinta na sallah, hannunta da ragowar kumfar wanke-wanke. Oga Leonard ya yi tsalle gefe kamar ya taka wuta.

Ta tako har tsakiyarmu, matar da ko ɗan aike ba ta yi wa doguwar magana. Ta ce akwai kabari a nan, na mahaifiyar wani bawan Allah da aka tasa daga wurin, kuma maigidanta ya kauce masa ne da gangan. Ta ce in kauce wa kabari laifi ne a takardarsu, to su rubuta da sunanta, don ita ma ta sani.

Yaya ya ce, "Mama, kin sani? Tun yaushe?"

Ba ta kalle shi ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba balle ta yi masa bayani a gaban mutane. Ni ta kalla. Ta ce tun watan da muka tare, matan da ke kawo itace suka gaya mata. Ta yi sati ba ta yi barci ba, ta haɗa kayanta sau biyu. Sai ta zauna ta yi tunanin mutumin da ya karya layinsa saboda uwar lebura, ta kwance kayan.

"Babanku ya ɓoye min don kada raina ya ɓaci. Ni kuma na ɓoye masa na sani don kada ya ji kunya. Haka muka zauna."

Madam Angelina na share ido da bayan hannu. Oga Leonard ya yi gyaran murya ya ce shi dai a aikinsa bai taɓa shafa fenti a kan kabari ba kuma ba zai fara yau ba, ya ce wa direban ya mayar da ledar mota.

Lauya ya fara maganar haƙƙin magada. Mama ta ce ta san haƙƙin magada tun kafin a haife shi. Ta ce in rabo za a yi, tumuninta a wajen bangon nan take so a auna mata, wanda zai sayi sauran ya saya da ita a zaune a ciki. Sai ta goge hannu a hijabi ta ce ina takardar da ake son ta sa wa hannu.

Da ajami ta rubuta sunanta. Rakiya.

Yaya ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Alhamis, 27 ga Satumba. Ƙarfe 1:15 na rana.

Madam Angelina ta kira. Sun amince, su huɗu cikin biyar. Za a kawo ɗan allon ƙarfe a manna a bakin ƙofa. Ta ce a rahoton za su rubuta dalilin lanƙwasar a layi ɗaya ba tare da suna ba, in iyalin ba sa so. Na ce zan tambaya.

Na zaci zan yi tsalle. Na ajiye wayar na zauna kawai.

Yaya ya cire ni daga zauren waya na 'yan gida. Matarsa ta ce in ba shi lokaci. Ban sani ba ko lokacin zai isa, kuma abin yana ci na, don shi ma ba mugu ba ne, yara huɗu gare shi a gidan haya.

Asabar, 29 ga Satumba. Ƙarfe 12:30 na rana.

Da safe na ce wa Mama zan shiga kasuwar Utako neman tukunya. Ta ce in zauna, ba a samun irinta a nan, kuma ni ko an sa min a gaba ba zan gane ta ba. Ta shiga sito ta daɗe tana motsa buhuna, ta fito rungume da wani abu a tsohon zani. Baƙar tukunya ce mai zane a wuya. Ta ce tun ranar da na kawo leburorina ta aika aka sayo, tana jira ta ga ko zan zo in tambaye ta.

Na ce Mama me ya sa ba ki hana ni ba ranar? Ta ce ta ga gidan ma tafiya zai yi, ta ce a ranta gara shara ta ɗauka da katafila ta taka.

Alice ta kawo Baba Yamusa ƙarfe goma sha ɗaya. Ta babbar ƙofa ya shigo, ya ƙi zama. Ni na kwashe tsakuwar da hannuna tun kafin su iso, na tsinto duwatsu a bayan gareji, ban sani ba ko su ne. Mama ta fito ta miƙa masa tukunyar da hannu biyu. Ya kalli tukunyar, ya kalle ta, bakinsa na motsi.

Ya ce, "Madam. Ashe kai ne."

Ta ce, "Ni ce, Yamusa. Ka yi haƙuri da yaran zamani."

Ya durƙusa ya kife ta, ya jera duwatsun, ya gyara guda biyu da na sa ba daidai ba. Muka koma ciki muka bar shi. Ya fi awa guda yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, ina jin labarin bana ya yi yawa. Da zai tafi na ajiye mabuɗin a kan dakali na koma ciki. Da na fito ban ga mabuɗin ba.

A kicin Mama na feraye doyar nan, biyu sun ruɓe, uku sun yi. Na ce mata wallahi ban taɓa yin abin kunya irin fasa tukunyar nan ba. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Kin taɓa mana. Ta farkon ma ke kika fasa, kina shekara shida, da ƙwallon yayanki. Miƙo min wuƙar can."